An Ƙirga Mu Muna Sujada

Zuwa ga Shugaban jam'iyyarmu, reshen Birnin Kano.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Sule Baduku na Jakara, wanda ya nemi jam'iyya ta tsai da shi takarar kujerar unguwarmu a majalisar birni. Sau uku ina zuwa zaurenka ana ce mini ka fita, alhali ga kekenka a jingine. Shi ya sa na kawo maganar jarida.

Na farko. Ranar fid da ɗan takara an ce kowa ya tsaya a bayan wanda yake so. Layina ya miƙe har bakin kududdufi, na Alhaji Garba mai goro bai wuce inuwar durumi ba. Sai aka kira la'asar. Sakatarenka, Malam Inuwa, da bakinsa ya ce a je a yi salla, in an dawo a ƙirga. Ni na juya na ce wa mutanena mu tafi. Muna sallamewa muka jiyo tafi. An ƙirga, an rubuta, an sa hannu. Mutanen Alhaji ko ɗaya bai motsa ba, wataƙila sun yi tasu la'asar tun da hantsi.

Na biyu. Na kai ƙara gaban alƙali. Ya tambaye ni mutum nawa ne a bayana lokacin ƙirga. Me zan ce, ga Alƙur'ani a gabana? Na ce babu kowa, ni kaina ina masallaci. Ya ce to wannan maganar cikin gida ce, mu je mu sasanta. Na taka har kotun majistare, tafinta ya ce Bature takardar ƙirgar yake so. Takardar ɗaya ce tak, tana aljihun Malam Inuwa. An sa mini ranar zama nan da mako uku, karɓar sunaye kuwa Alhamis ɗin nan za a rufe.

Na uku, shi ne ya fi ci mini rai. Zaɓen layi ba ya ɓuya. Baba Tanko maɗinki, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ne na farko a bayana, hannunsa a kafaɗata. Rumfar da yake ɗinki a kasuwar Kurmi ta Alhaji Garba ce. Washegari ya tarar da keken ɗinkinsa a waje. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Yanzu in na gaishe shi yakan amsa yana kallon ƙasa. Wallahi kunya nake ji, don ni na tashe su daga layin.

Ina roƙo a sake zaɓen, ko da yake na san ba za a sake ba. In hakan ya gagara, ka taka da ƙafarka ka sa baki a mayar wa tsohon nan rumfarsa. Kujerar na haƙura da ita.

Jiya muna zaune a ƙofar gida aka kira la'asar, sai na ga dattawa sun dubi juna kafin su miƙe. Abin da aka koya wa Jakara ke nan.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya raya zuriyarka, ya sa kada a taɓa ƙirga ka kana sujada.

Wassalam.

Sule Baduku, Jakara.