Kun Yanke Gargaɗina, Waken Malam Idi Ya Ƙone

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke ɗauke da bulog ɗina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, sunana Sama'ila Gozaki, tsohon malamin gona. Tun da na yi ritaya nake rubutu da Hausa a shafinku kan noman masara, auduga da waken suya. Na fito fili ne saboda sau uku ina aiko muku da saƙo, na'ura ce ke ba ni amsa.

Na farko. Kafin faɗuwar daminar bana kun sanar da mu cewa za ku haɗa shafukanmu da sauran kafofin intanet, na'urarku ta riƙa taƙaita rubutu tana watsawa, wai can harkar ta dosa. Na yi murna, don manomanmu sun fi karanta abin da aka turo musu a waya. Amma ba ku taɓa nuna mini abin da zai fita da sunana ba.

Na biyu. Na yi rubutu kan wani maganin ciyawa na masara. A ƙarshensa na ja kunne cewa duk wanda ya haɗa masara da waken suya a gona ɗaya, kada ya kuskura ya fesa. Na'urarku ta ɗauki sunan maganin da awon da ake zubawa a tanki, ta manna hotona, ta yar da gargaɗin. Haka ya yi ta yawo daga Tsiga har Malumfashi.

Malam Idi, wani manomi a Dayi mai iyali da yawa, ya gani ya fesa. Cikin 'yan kwanaki wakensa ya ƙone ƙurmus. Ranar kasuwar Funtua ya tare ni a bainar jama'a, ya ɗaga wayarsa dab da fuskata. Ya ce shekara da shekaru yana bin maganata ido rufe, ashe haka zan yi masa. Na buɗe ainihin rubutun in nuna masa, ya ce shi bai taɓa ganin wannan ba. Kuma gaskiya ya faɗa, guntun da kuka watsa ba shi da hanyar komawa shafina. Sai da dattawa suka shiga tsakani. Washegari na je gonar, na ga ɓarnar da idona.

Na uku. Guntun nan har yau yana yawo, ga shi wasu yanzu suke shirin feshi. Na dakatar da rubutu, ina bin masallatai da majalisu ina faɗa da baki.

Ba na ƙin ci gaba, ranka ya daɗe. Roƙona shi ne ku cire guntun nan yau, ku watsa gyara ta hanyar da kuka watsa shi, ku bayyana cewa ku kuka yanke. Nan gaba kada a fitar da komai sai marubuci ya gani ya amince, kuma a liƙa masa hanyar cikakken rubutun.

Juma'a mai zuwa zan koma Dayi in duba ko ƙasar za ta karɓi wani iri. Malam Idi zai tambaye ni me kuka ce, kuma ba zan yi masa ƙarya ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon sauke amana.

Wassalam.

Sama'ila Gozaki