Maɗacin Baba

Cadawa, daren Laraba, tsakiyar damina

Sallau ya kashe mini maɗacin da Baba ya dasa. 

Masu binciken nan da ke gwada itatuwa ko za su yi maganin zazzaɓin cizon sauro, ɗan ɓawo kaɗan suka nema. Ina gidan likita da ɗiyata, sai shi Sallau, ƙanen mijina, ya ja su gonata don a ce masani ne. Kowa ya san gefe guda ake sara, a shafe wurin da laka itace ya warke. Shi kuwa ya zagaye shi kaf, ya bar shi tsirara.

Na tare shi, wai, "Haba Yaya, itace ne fa, zai farfaɗo."

Gobe da sassafe zan hau kabu-kabu zuwa Agiye, in kai ƙararsa wurin ma'aikatan gandun daji. Ko surukata ta roƙe ni ba zan fasa ba. Ran da zazzaɓi ya kayar da shi kuwa, ya aiko neman jiƙo, zan ce a kai shi gindin maɗacin ya zauna ya jira ya farfaɗo.