Muryar Babanku

Ranar Litinin

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya aiki, yaya masu jikin da kike tsaye a kansu? Allah Ya ba su sauƙi, ke kuma Ya ba ki lada. Mu nan sai godiya. Ƙafata ta yi dama, ina shafa maganin da kika bari.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. Akwai maganar da in na ɗauko ta a waya sai in kasa ƙarasa ta, ki yi ta cewa layi ba kyau, ni kuma in bar ki a kan haka. Shi ya sa na ba Baba Dogo, abokin tuƙin babanku, tunda ta ƙofar asibitinku tirelarsa take bi. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba farawa daga dama har yau bai gama yarda da hagu ba.

Kwamfutar babanku ta mutu. Ranar Laraba na danna ta, ta yi ɗan ƙara, na ji ƙaurin waya, shi ke nan.

Na san za ki ce me ya kai ni danna ta. To yau zan faɗa. Kin tuna lokacin da ciwon ƙoda ya sauke shi daga mota, ya koma wuni yana kallon bango, kika saya masa wasan nan na tuƙin tirela, kika ɗaura masa sitiyarin roba a teburin ɗinkina? Ya ce shi da ya yi shekara ashirin da bakwai a kan titi ba zai zauna matar cikin wasan da ba ta taɓa canza taya ba tana gaya masa inda zai karya kwana. Kuka yi kwana uku a ɗaki, kin kara masa waya a baki, yana faɗa kina ɗauka, har kika cire muryar matar kika zuba tasa. Ni ina wucewa ina cewa tsoho da 'yarsa sun rasa aikin yi.

Tun sati biyu da rasuwarsa, kullum na idar da la'asar sai in tura ƙofa in kunna. Ban iya ba. Tafiyar kunkuru nake, motocin baya suna ta danna mini hon. Amma sai in ji ya ce, "Miƙe abinka, direba, hanya taka ce." In mun zo shataletale ya ce, "Ta biyu za ka fita, kada ka mai da mu injin niƙa." Ga abin kunyar kuma: da gangan nake ɓata hanya. In ya ce dama sai in yi hagu, don kawai ya ce, "Af! Wa ya ba ka lasin? Juya, juya, Allah Ya shirye ka." Shekara talatin da ɗaya muna tare bai taɓa ɗaga mini murya ba, yau ni ce nake tsokanarsa ya yi mini faɗa.

Na tambayi kaina ko wannan rashin dangana ne. Na duba ban ga ya jinkirta mini salla ba, bai sa na furta abin da bai kamata ba, sai na ƙyale kaina.

Yayanki ya ce zai aiko da tsohuwar kwamfutarsa. Abin da ban sani ba shi ne ko muryar ta ƙone tare da waccan. Ki kira ni ki gaya mini abin da zan ce wa mai gyara, a hankali, yadda zan riƙe.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah Ya yi miki albarka.

Ummanki

Ranar Asabar

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, da ke da abokan aikinki. Mu ma lafiya.

Bayanin da kika yi mini na riƙe shi, har na rubuta a bayan kwalin magani. Kada a sake sauke wasan, domin da intanet ɗinmu sai ya ci sati. Komai yana cikin ma'ajiyar tsohuwar kwamfutar, a yi amfani da shi. Kuma kada a haɗa da intanet sai kin zo.

Na kai su duka biyun wurin mai gyaran da ke saman bene a layin masu sayar da waya, dattijon nan da ya ɗaure ƙafar tabaraunsa da zare. Ya buɗe ya ce ma'ajiyar lafiyarta ƙalau. Ya zaro ta, 'yar aba ko tafin hannuna ba ta cika ba, ya sa ta a cikin ta yayanki. Kwamfuta ta tashi, wasan ma ya tashi. Jar tirelar nan tana nan a gefen titi inda na bar ta, da kayanta.

Maƙwabciyarmu ta bayan gida ta sauka lafiya, mace. Famfon banɗaki ya sake ɗiga. Na karɓi ɗinkin zannuwan gado guda huɗu, su nake yi.

In kin kira ban ɗauka ba kada hankalinki ya tashi, lafiyata ƙalau.

Ki huta lafiya.

Ummanki

Ranar Alhamis

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da gajiyar aiki. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki a zaune, ba a tsakiyar aiki ba.

Babu ƙarya ko ɗaya a wasiƙata ta ranar Asabar, amma an koya mana cewa mai ɓoye rabin magana don a fahimci wani abu daban bai tsira ba. Kin kira sau bakwai, wayar tana kan cinyata ina kallonta.

Auta, muryar babanku ta tafi, kuma ta hannuna ta tafi.

Ga yadda aka yi. Da mai gyara ya sa ma'ajiyar, wasan ya ƙi buɗewa. Ya ce sabuwar kwamfuta ce a wurin wasan, sai kantin intanet ɗin da aka saye shi ya shaida mai shi. Ya ce hanya biyu ce. Ko dai ya fasa shi, yadda ake yi wa wasannin da ba a saya ba, ya buɗe ba tare da intanet ba, ko kuma a shiga da sunan babanku da kalmar sirrinsa, a nuna wa manhajar kantin inda fayilolin suke. Ya ce in ta gan su ba za ta sake sauke komai ba, dubawa kawai za ta yi ta tabbatar sun cika.

Kalmar fasawa ce ta tsaya mini a rai. Na ce abin da 'yata ta saya da guminta ba za a shige shi ta katanga kamar kayan sata ba. Ya yi murmushi ya ce to Hajiya, ta ƙofa za mu bi. Na tuna da gargaɗinki, amma na ɗauka tausayina kike ji kada in sha wahalar saukewa, ga shi kuma an ce ba za a sauke ba. Na kira ki, wayarki a kashe, kina ɗakin tiyata. Kalmar sirrin tana jikin murfin littafin lasin ɗinsa da rubutunki. Na miƙa.

Ban gaya wa mutumin nan akwai murya a ciki ba. Ya tambaye ni sau biyu ko akwai wani abu mai muhimmanci da zai fara kwafewa gefe, hotuna ko takardu. Na ce babu, wasa ne kawai. Ta yaya mace kamata za ta buɗe baki a shago, gaban maza suna jiran wayoyinsu, ta ce mijina ya rasu, ina zuwa nan ciki in ji shi? Nauyin bakin nan da kuke yi mini tsiya a kansa, shi ne ya ci mu.

Wani koren layi ya yi ta tafiya a fuskar kwamfutar kamar rabin awa. Da ya kai ƙarshe mai gyara ya juyo da fara'a ya ce mun yi sa'a, a cikin dubban fayiloli sittin da uku kacal manhajar ta samu ba su yi daidai da na asali ba, ta ce sun lalace, har ta sauke masu kyau ta maye gurbinsu, ko minti ɗaya ba a yi ba. Na yi masa godiya. Har addu'a na yi masa.

Na dawo gida, na yi la'asar, na tura ƙofa. Na tayar da mota, na hau titi, sai matar nan ta yi magana. Na ce ko kuskure ne, na yi hagu inda ta ce dama. Ta gyara mini hanya cikin ladabi, ba faɗa, ba komai. Na daɗe riƙe da sitiyarin.

Washegari na koma, na jira shagon ya yi sauƙi, na faɗa masa abin da ya kamata in faɗa tun farko. Ya cire tabarau ya ajiye. Sannan ya ce ita manhajar ba ta san gyara da ɓarna ba, duk abin da ya saɓa wa na kanti lalatacce ne a wurinta, kuma a kan na babanku ta rubuta sababbin. Ya ce da na ce masa uffan, kwafewar ba ta wuce ƙiftawar ido ba. Ya ce in bar masa ma'ajiyar zai gwada, amma kada in sa rai.

Akwai abin da ya rage. Na so in tsaya a kan cewa tsoron haram ne ya sa ni. Akwai shi, amma ba shi kaɗai ba. Da na ce a bari sai na same ki, da an bari. Kwana tara na yi ban ji shi ba, na kasa ƙara ko ɗaya. Gaggawata ce, na lulluɓe ta da tsoron Allah. Na nemi gafararSa a kan wannan, yanzu taki nake nema.

Ko fayilolin muryar suna nan a wayar da kika ɗauka da ita? Ina jin tsoron amsar, don na tuna kin canza waya.

Wadda ta yi miki laifi,

Ummanki

Ranar Talata

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Yaya kike, yaya ƙarfin hali? Ina fata kina samun barci in kin sauka daga aiki.

Na gode da kika kira. Kin ce ba komai, kin faɗa sau uku da sauri, irin yadda kike yi tun kina ƙarama in kin faɗi ba kya son a ga gwiwar. Na ji bayanin wayar, cewa tun bara ta faɗa ruwa. Abin da ban sani ba shi ne wanda kika faɗa a ƙarshe, kafin ki ce ana kiranki. Ashe tun rasuwarsa ba ki ji muryar ba ko sau ɗaya. Ranar da za ki koma aiki kin tsaya a bakin teburin kin kasa, kika ce sai hutunki, in zuciyarki ta yi ƙwari. Ni na yi wata biyar ina ji kullum, ke kina tanadin naki, na zo na zubar. Ba sai kin yi saurin yafewa ba. Ba za ki yi laifi ba in kin ɗauki lokaci.

Jiya mai gyara ya aiko in je. Kwana goma ya yi yana tono. Sittin da ukun nan babu su, ya ce in cire rai. Amma a can wani lungu na ma'ajiyar ya samu guda ɗaya cikin waɗanda kika goge da kanki lokacin da kuke ɗauka, waɗanda ba su yi kyau ba. Daƙiƙa huɗu ne. Ya ce ana jin ƙarar kujera, sai muryar yarinya tana dariya tana cewa, "Baba, don Allah ka daina, sake faɗa." Sai wani ya ja numfashi zai yi magana. A nan ya yanke.

Ya miƙo mini abin sawa a kunne. Hannuna har ya tafi, na dawo da shi. Na ce ya zuba a filashi guda biyu.

Ɗaya yana cikin wannan ambulan, na naɗe shi a ƙyalle na ɗinke bakin, na kuma ce wa Baba Dogo hannu da hannu. Ɗayan yana ƙasan akwatina. Ba zan taɓa shi ba sai kin ji naki, ko da shekara za ki yi. Ban san ko alheri na aiko miki ko ƙarin ciwo ba, na dai san hakkinki ne ki riga ni.

Roƙona ɗaya. Mai gyara bai san babanku ba, numfashi kawai ya ce ya ji. Ke kina ɗakin. Duk ranar da kika iya saurara, ki gaya mini ko nasa ne.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, ke kuma Ya tsare mini ke.

Ummanki