Duwatsu Goma Sha Ɗaya

Kafanchan, 6 ga Maris, 2023

Zuwa ga 'yata Yemima,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji Yesu. Ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mamanki tana gaishe ki.

Ciwon cikin da na daɗe ina ɓoye miki ya kai ga tiyata ranar Talata. Likita ya cire mini maɗaciya, ya sami duwatsu goma sha ɗaya a ciki, babbansu ya kai gurjiya. Ya ce kolestarol ne, wani irin kitse na jiki, ya daskare. Ina samun sauƙi, har ina shan kunun acca. Na roƙa aka ba ni duwatsun a kwalba.

Jiya na fasa ɗaya da reza. Cikinsa yana ƙyalli, da layuka daga tsakiya zuwa baki. Shekara ashirin da takwas ina zana wa ɗalibai siffar kolestarol a allo a makarantar Madakiya, zobe huɗu da jela, ban taɓa ganinsa da ido ba.

Na san ba mu rabu da daɗi ba a Kirsimeti, da na ce binciken da kike yi kan kiristal, wato daskararrun sinadarai masu ƙyalli, ba zai amfani kowa a nan ba. Duk da haka na ba Kaleb direba duwatsun guda biyu ya kai miki Zariya. Ki duba mini.

Mahaifinki,
Obadiah

Kafanchan, 2 ga Afrilu, 2023

Yemima 'yata,

Alherin Allah ya kasance tare da ke. Ya jiki, ya aiki? An warware mini ɗinki.

Wasiƙarki da hotunan sun iso. Faifayen nan siraran kamar gilashi, kowanne da tsaga a kusurwa, na kasa yarda daga cikina suka fito. Na karanta bayaninki sau uku. Kin ce ƙwayoyin kolestarol takwas ne ke zama a kowane ɗan ƙaramin ɗaki na kiristal, da ƙwayoyin ruwa takwas, sun jeru kai da kai, jela da jela. Kin ce kuma duk na hannu ɗaya ne, in an sa musu madubi ba sa dacewa da surarsu. Ni a shimfiɗe na riƙa zana shi, ban taɓa faɗa wa ɗalibi ko ɗaya wannan ba, domin ban sani ba.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Tun Janairu na roƙi Malam Bartholomew, shugaban makarantar cocinmu, ya ajiye miki gurbin koyarwa, da niyyar in matsa miki ki dawo gida. Shekaranjiya na je ofishinsa da sandata, na ce ya ba wani. Ya tambaye ni dalili, na nuna masa hotunan. Bai gane komai ba, amma ya karɓi maganata.

Ki gama abin da kika fara. Allah ya riƙe ki.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Obadiah