Bayan An Kashe Injin Takarda

Talata, 3 ga Satumba

Yau aka faɗa mana, a ɗakin cin abinci na masana'antar takarda. Wani mai kwat daga Helsinki, babban birninmu, ya tsaya gaban allo yana nuna mana zane mai gangarowa. Wai duniya ta daina karanta jarida, don haka takardarmu ba ta da kasuwa. Kafin Kirsimeti za a kashe injin. Veikko, wanda muka fara aiki tare tun muna samari, ya ɗaga hannu ya ce, "To mu da ba jarida ba, ina za a jibge mu?" Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Shekara talatin da ɗoriya ina gaban injin nan. Ban gaya wa matata Sirkka ba sai da muka gama cin abinci. Ashe ta riga ta ji a kantin da take aiki. Ta ƙyale ni ne kawai in faɗa da bakina. Matar nan.

Alhamis, 12 ga Satumba

An rage wa Sirkka ranakun aiki. Tun da aka rufe iyaka, Rashawa suka daina tsallakowa sayen cuku da kofi, kantin ya zama kamar an yi shara. Yanzu kuma ga rufe masana'antarmu. Ta ce manajan har idonsa ya yi ja da yake gaya mata. Ban ga laifinsa ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Sauna, wato wankan turiri, tare da Veikko. Ya yi ta watsa ruwa kan duwatsu masu zafi har turiri ya kusa cire mana kunne. Ya ce ba za su rufe ba, barazana ce, ƙungiyar ma'aikata za ta tanƙwara su. Na ce to. Shi ma ya san ba haka ba ne.

Lahadi, 20 ga Oktoba

'Yata Henna ta zo daga birnin Tampere da jikana. Ba ta ko cire takalmi ba ta fara: "Baba, ku sayar da gidan nan ku dawo kusa da mu. Can akwai aiki." Na kai ta taga na nuna mata layinmu. Gida uku da allon sayarwa, ɗaya har allon ya koɗe. Na ce, "Ke za ki saya?" Ta yi fushi, ni ma na yi.

Da suka tafi Sirkka ta ce yarinyar tsoro take ji, ba raini ba ne. Na sani. Duk sa'o'inta sun bar garin nan, makarantar da ta yi ma an haɗe ta da ta garin gaba. Amma mahaifina ne ya kafa gidan nan da hannunsa, kuma ni ban iya zaman bene ba.

Juma'a, 20 ga Disamba

An kashe injin. Ban taɓa sanin wurin nan yana da shiru haka ba, har ɗigar ruwa ake ji. Aka ba mu kofi da kek. Wasu suka ɗauki hoto. Ni dai na wanke kofina na kife, kamar gobe zan dawo.

Litinin, 13 ga Janairu

Ofishin neman aiki. Layi duk mutanenmu ne, kowa yana kallon takalminsa. Matar da ta karɓe ni, Marjut, mahaifinta ma a masana'antar ya yi ritaya. Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce, "Aulis, aiki ɗaya ne ke neman mutane ido rufe a yankin nan. Kula da tsofaffi. Matasa sun tafi, iyayensu suna nan." Wai ana koyo ana aiki, ana kuma biya, ko da yake bai kama ƙafar albashina na da ba.

Na ce mata ni injin na sani, ban san mutum ba. Ta ce in je gida in yi tunani.

Ni, da waɗannan hannuwan, in riƙa ba wani abinci a baki?

Laraba, 29 ga Janairu

Dusar ƙanƙara. Na share ƙofarmu, na share ta maƙwabta, na share har ta gidan da ba kowa. Sirkka tana kallona ta taga.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na sa hannu a aikin kula da tsofaffin. Ban gaya wa Veikko ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Kwana na uku a gidan tsofaffi. Ƙafafuna kamar ba nawa ba. An ba ni riga mai launin ganye, gajera, cikina a waje. Matan da ke aiki a wurin suna da kirki, amma sun gaji, mutum biyu ke yin aikin huɗu.

Shugabarsu ta ce akwai wani tsoho da ya hana mata su yi masa wanka, har ya jefi ɗaya da kofi. Ko zan gwada, tunda ni namiji ne. Na buɗe ƙofa, sai ga Toivo. Toivo shugaban sashenmu na da, wanda ya koya mini aiki, wanda in ya daka tsawa har ƙarar injin sai ta koma baya. Ya tsotse ya zama kamar kara. Mantuwa ta kama shi, an ce ɗansa ma ba kullum yake gane shi ba.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Aulis. Ka makara." Na ce a yi haƙuri. Ya ce, "Wa ka bar wa injin?" Na ce Veikko. Ya ce, "Wannan malalacin? To yi sauri ka koma."

Ya bari na yi masa wanka. Bayansa duk ƙashi. Na yi a hankali, ina tsoron kada in karya wani abu. Da na fito sai na shiga ɗakin ajiye tawul na ɗan tsaya.

Asabar, 8 ga Maris

Na haɗu da Veikko a bakin kanti, jakarsa tana ƙarar kwalabe tun da hantsi. Labari ya riga ya kai masa. "A'a, ga uwar ɗaki mai wankan tsofaffi! In na tsufa ka ajiye mini gado kusa da taga." A gaban mutane. Na ce, "A yadda kake shan nan ba za ka kai ba." Ya yi dariya, amma na ga maganar ta shige shi. Da ban faɗa ba.

Sirkka ta ce matarsa ta koma wajen 'yar'uwarta. In kira shi. Zan kira.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Kullum Toivo sai ya tambaye ni injin, kullum in ce lafiya lau yake tafiya. Yau ina yi masa aski a gaban taga, ya daɗe yana kallon wajen kogi, inda masana'antar take. Can ya ce, da muryarsa ta da, "Babu hayaƙi." Sannan ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun kafin Kirsimeti. Na ɗauka zai yi ihu ko ya yi kuka. Sai ya ce, "Ku nawa aka sallama?" Na gaya masa. Ya jima yana gyaɗa kai.

"Kai kuma nan ka faɗo." Na ce nan na faɗo. Ya ce, "To ka iya aski dai, ba ka yanke ni ba ko sau ɗaya."

Da rana ya sake tambayata wa na bar wa injin.

Lahadi, 4 ga Mayu

Veikko ya zo har gida, fes da shi, ya yi aski. Ya samu aiki a Norway, wurin ƙera jiragen ruwa, mako uku can, mako uku gida. Suna neman ƙarin mutum ɗaya da ya san manyan injuna, ya ba da sunana. Albashin ya ninka abin da nake samu. "Aikin maza, Aulis. Ka cire rigar ganyen nan." Na ji daɗin ganinsa haka, har na rungume shi, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce zan yi tunani. Ya ce zuwa Talata suke son amsa.

Da ya tafi Sirkka ta tambaye ni me zan yi. Na ce ai nisa ne, kuma gwiwata, kuma wa zai kula da gidan. Ta ce, "Gwiwarka lafiyarta ƙalau." Na ce kuma Talata akwai jarrabawar magunguna, ban gama karatu ba. Ta dube ni, ta ci gaba da yankan burodi, tana wani murmushi da ban so ba.

Ba wai son aikin nake ba. Kawai dai an kawo wani sabon tsoho ɗaki na ƙarshe, tsohon direban motar katako, ba ya cin abinci sai an zauna an yi masa hira, matan kuma ba su da lokaci. Gobe zan gwada shi da miyar kifi.