Surukina Ya Ce Shi Gwanin Tanis Ne

Anti Afiniki,

Don girman Allah ki taimake ni kafin ƙwallon tanis ta raba ni da aure. Na san masu rikicin gado da masu ciwon so ne suka fi rubuto miki, kada ki ga tawa ki ce ai wasa ne. Wasa ne kam, amma ya fi ƙarfina.

Ni malamin sakandare ne a Manchok, amma a Kafanchan nake zaune. Muna da wani ɗan kulob na tanis a bayan gari: fili ɗaya na siminti duk ya tsattsage, raga mun ɗinke ta da igiyar shanya, ƙwallayenmu kuwa duk sun yi sanƙo, don sabuwa ta gagari ma'aikaci a wannan zamani na tsuke bakin aljihu. Akwai malamai a cikinmu, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da nas-nas, da 'yan kasuwa. Bara aka naɗa ni sakatare saboda na makara ranar zaɓe, ban samu damar cewa a'a ba.

Kowace Disamba muna yin gasa, rukuni uku: gwanaye, matsakaita, da 'yan koyo. Dokar tun asali ita ce kowa ya faɗi rukuninsa da bakinsa, wai mu manya ne, babu mai ƙarya. Anti, ban san manya sun fi yara iya ta ba sai da na hau kujerar nan.

Akwai Baba Gershon, tsohon direban jirgin ƙasa, dattijo a ikilisiyarmu, kuma mahaifin Jacinta da nake shirin aura bayan Ista. Shi a rukunin gwanaye yake. Yana zuwa fili cikin farin gajeren wando da ya sha sitati, da raket na katako da ya girme ni. In ya yi sabis, wato bugun buɗe wasa, ƙwallo ko dai ta maƙale a raga, ko ta tsallake katanga ta faɗa gonar rogon maƙwabta. Sau ɗaya ya sumar da zakaran mai gadi. Ba ya gudu, tsayawa yake yana ba ƙwallo umarni, in ta ƙi ji ya ce iska ce. A wasan bibbiyu kowa gudunsa yake, don haka ni ake haɗawa da shi. In yi gudun mutum biyu har harshena ya fito, a cinye mu, da yamma ya gaya wa Mama, matarsa, cewa yaron nan da ke neman 'yarsu ba shi da ƙafa.

Sai Alhaji Lawal, dillalin citta, aminin Baba tun ƙuruciya. Ya daɗe yana buga tanis a Kaduna kafin ya dawo gida, kowa ya sani. Amma shi ɗan koyo ne, in ji shi. Yakan zo da kaftani da silifas, ya juya raket yana tambaya ta ina ake riƙewa, sa'an nan ya saki sabis kamar harsashi. Bunsurun da muke ba zakaran 'yan koyo, shekara da shekaru shi ke jansa. Disambar da ta wuce ya gamu da Selina, wata nas da ta fara koyo da damina. Ko sau ɗaya raket ɗinta bai taɓa ƙwallo ba. Ta fita da hawaye, har yau ba ta dawo ba, sauran sababbin ma sun fara ja da baya. Gwanayen gaske kuma suna ƙorafin wasa da Baba ɓata yamma ne.

Shi ne kwamiti ya ce sakatare ya sake raba mutane bisa gaskiya kafin mitin na watan gobe. Suka ɗora mini suka watse.

Ranar Lahadi bayan sujada na ɗaura doyar Kagoma a bayan babur na tafi wurin Baba. Tsoro bai bar ni na fara da maganarsa ba, sai na fara da ta Alhaji. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Lawal? Ai yaro ne a wasa. Ni na ci shi tun naira bai fito ba, lokacin mama naka ma bai yi aure ba." Washegari na sami Alhaji a shago cikin buhunan citta. Ya dafa ƙirji ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Wanda Baba Gershon ya lallasa, ina shi ina gwanaye? Shi kuwa Baba, kaf ƙasar nan ban ga na biyunsa ba." Kin gani? Wannan shaidar wancan, wancan shaidar wannan. Washegarin Kirsimeti kuma a gidan Baba ake yanka bunsurun, su ci suna ƙyaƙyata dariya.

Ga abin da ya fi damuna. Tun tashin hankalin da aka yi a garin nan a tamanin da bakwai, filin nan yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda Musulmi da Kirista za su yi musu a kan ko ƙwallo ta taɓa layi kamar za su daku, su tashi su sha lemo tare. In na taɓa Alhaji shi kaɗai, wani zai ce don ba coci yake zuwa ba ne. In na sauko da Baba, to in nemi mata a wani gari. In na yi shiru, kulob ya mutu a hannuna. Jacinta kuwa duk ranar da na kawo mata maganar, dariya take har ta riƙe ciki. Ya zan yi?

Sakatare Mai Ciwon Kai, Kafanchan

*

Ɗana Sakatare,

Ni ma na yi dariyar, ka yi haƙuri. Amma damuwarka ta gaske ce, don wurin da mutanen gari ke haɗuwa su yi wasa ba abin sakaci ba ne a Kafanchan ta yau.

Da farko ka daina auna mutanen nan biyu da mudu ɗaya. Baba Gershon ba ƙarya yake yi ba, labarin saurayin da ya sani yake bayarwa, gwiwoyinsa ne ba su sanar da shi sun yi ritaya ba. Wanda ya ɗaga kansa sama kansa yake cuta: a cinye shi, ya koma gida. Gwanayen da ke ƙorafi, rabin awa suka rasa. Wanda ya sauke kansa ƙasa shi ne mai ɓarna, don ƙarƙashinsa akwai irin su Selina, waɗanda in suka tafi ba mai buga wasan nan gaba.

Amma kafin ka yanke wa Alhaji hukunci, ka tambayi kanka: sayen bunsuru ya gagari dillalin citta ne? Ina zargin gudun haɗuwa da amininsa yake. In ya hau rukunin gwanaye, wata rana ƙuri'a za ta haɗa su, dole ya tozarta dattijo a gaban jama'a ko ya yi wasan munafunci. Zumuncinsa abin yabo ne, sai dai da hawayen 'yar mutane yake biyansa, wannan kuwa ba daidai ba ne.

Kwamitinku wayo suka yi maka, sun ba ka wutsiyar damisa sun koma inuwa. Kada ka raba kowa da kanka. Ka je mitin da doka wadda ba ta da sunan kowa a ciki, a kaɗa mata ƙuri'a. Sabon shiga ya faɗi rukuninsa da bakinsa sau ɗaya, daga nan fili ne alƙali. Duk wanda ya ci gasar rukuninsa, a tafa masa a ɗaga shi gaba, ko yana so ko ba ya so. Wannan ƙarin girma ne, ba mai cewa an kore shi saboda addini. A cikin shekara kuma na ƙasa ya iya ƙalubalantar na sama, in ya yi nasara su yi musanyar gurbi. Baki yana ƙari, ƙwallo ba ta san dattijo ba.

Bunsurun nan ku cire shi daga kan rukuni ɗaya. A yanka a fili ranar rufe gasa kowa ya ci, zakara ya ɗauki kofi. Za ka ga 'yan koyon ƙarya sun warke.

Ka sami Alhaji a keɓe kafin mitin, cikin ladabi, ka gaya masa Selina ta daina zuwa. Ka roƙe shi ya riƙa koyar da sababbi ranar Asabar. Sa'an nan ka ba shi abin da nake jin yana so: a wasan bibbiyu a haɗa shi da Baba, gefe ɗaya. Shi ya yi gudun, Baba ya ba da umarni, ƙila ma su ci kofi, kai kuma ka huta. Selina kuwa ka taka da ƙafarka ka ba ta haƙuri a madadin kulob.

Baba Gershon, kada ka kuskura ka ce masa bai iya ba, ko bayan ɗaurin aure. Ba aikin suruki ba ne. In ya ba da labarin nasarorinsa, ka ce, "Haka ne, Baba," ka ƙara masa ruwa a kofi. Kuma ka daina kai wa Jacinta ƙarar mahaifinta wurin zance. Ta san shi kafin kai, kuma akwai maganar da budurwa ta fi so ta ji.

Allah ya sa albarka a auren, ya zaunar da garinku lafiya, ya bar ku kuna musu a kan layi kawai.

Anti Afiniki