Abin Wuyan da Tutu Ta Kitsa

Tutu, kakata,

Gaisuwa daga Las Vegas. Ya ƙafar taki? Ya mutanen garinmu Hana da gonar gwaza? Ni lafiya ƙalau, aikin rawa a otal yana tafiya, kada ki damu.

Kaipo ɗan kawu ya kawo abin wuyan da kika kitsa da maile, ganyen nan namu mai ƙamshi. Shi ya rataya mini, ya raka ni wurin aiki. Manaja ya ce, "Cire ciyawar nan, sa na roba kamar kowa." Tutu, na cire, a gaban Kaipo, ni da kika koya wa ba a cirewa a idon wanda ya rataya maka. Kaipo ya sunkuyar da kai. Da na gama rawa, a kwandon shara na tsinto abin wuyan.

Na san a al'adarmu ba a yar da shi, ƙasar da ganyen ya tsiro ake mayar da shi, don haka na naɗo miki. Ki rataye shi a mangwaron bayan ɗaki. Ko ba komai, ɗayanmu ya koma gida.

Ki sa mini albarka, in zuciyarki ta yarda.

Jikarki,
Nohea